Daga Masauki Zuwa Kuɗin Shekara: Tarihin Hayar Gida a Gusau da Maƙwabtanta

Hayar gida, wato mutum ya biya ƙayyadadden kuɗi domin ya zauna a ginin wani har zuwa wa'adi sananne, baƙuwar al'ada ce a garuruwan gabashin Zamfara idan aka auna ta da shekarun garuruwan kansu, duk da cewa malaman yankin sun daɗe da sanin hukuncinta a littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar, inda aka gindaya sharaɗin a san yawan kuɗin a kuma san tsawon wa'adin tun kafin a ƙulla magana. Hukuncin ya daɗe a takarda ba tare da an ga bukatarsa sosai a kan gidajen zama ba, domin ƙasa ba ta yi ƙaranci ba, kuma ginin da Bahaushe yake kira gida an tsara shi ne don dangi, ta yadda babu gurbin da bare mai biyan kuɗi zai shiga.

Gusau ta kafu a farkon ƙarni na 19 a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan da rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malanta, wajen shekarar 1806. Tsafe ta riƙe sunan wannan tsohon gari a sarautarta, shi ya sa ake ce wa sarkinta 'Yandoton Tsafe, kamar yadda ake ce wa na Gusau Sarkin Katsina, na Bunguɗu kuma Sarkin Fulani. A wancan zamani na hare-hare, ƙarfin gari yana ga yawan mutanen da ke cikin ganuwarsa, saboda haka masu mulki ne suke zawarcin mazauna. Wanda ya zo da niyyar zama yakan gabatar da kansa ta hannun mai unguwa, ya kai gaisuwa, a nuna masa fili, ya kafa dangar kara ya yi ɗakin ciyawa. Idan rani ya yi kuma hali ya samu, sai a kwaɓa ƙasa a yi tubali, a jera azara a yi rufin soro. Mutumin da zai iya samun fili da gaisuwa, ya kuma tayar da ɗaki da taimakon maƙwabta, ba shi da dalilin biyan wani kuɗin kwana.

Tsarin gidan shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ya ci gaba da yin tasiri bayan sauran dalilan sun gushe. Mai shiga yakan fara da zaure, ɗakin ƙofa inda maigida yake karɓar baƙi, yake cin abinci da maƙwabta, wani lokaci ma yake sana'arsa ko karantar da yara. Daga nan sai fili inda samari suke da ɗakunansu ake kuma ɗaure doki ko jaki, sannan shigifa, wadda ita ce iyakar da baligin da ba muharrami ba zai iya kaiwa, bayanta kuma cikin gida, inda kowace mace take da ɗakinta, ga turakar maigida, ga murhu da rijiya da rumbu da makewayi. Babban gida yakan rabu sassa, kowane sashe na magidanci ɗaya, amma dukkansu 'ya'yan mutum ɗaya ne ko ƙannensa, sau da yawa kuma suna noma a gandu, wato gonar da uba da 'ya'yansa suke nomawa tare suna ci daga rumbu ɗaya. Ɗan da ya yi aure ba ya neman muhalli, ana yanka masa sashe ne a cikin gidan ubansa. Da yake kulle ya ƙara ƙarfi a birane bayan jihadi, shigar da namiji bare cikin wannan tsari daidai yake da rushe shi.

Wannan bai sa baƙo ya kwana a waje ba. Fatake masu ratsa Zamfara da goro da gishiri da kanwa da tufafi sukan sauka wajen fatoma, wato mai masaukin da yake ba baƙon ɗan kasuwa wurin kwana da abinci da ma'ajiyar kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa a kan bashi, ladansa kuma ya fito daga la'adar cinikin. Almajiri yakan kwana a zauren malaminsa ko na maƙwabta, malamin da ya zo daga nesa kuma a ba shi aron ɗaki har ya ginu. Hausawan da suka tafi Kurmi sun tafi da wannan tsari, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gidaje suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar saukar da baƙi. Kalmar maigida, wadda har yau ɗan haya yake kiran mai ginin da ita, ta taho da wannan tsohon nauyi na uba da majiɓinci, abin da ya sa ɗan haya yakan sa ran sassauci irin na dangi daga mutumin da shi kuwa kuɗinsa kawai yake jira.

Sauyin ya zo ne bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, musamman da layin dogo daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga da fata, aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori suka buɗe kantuna kusa da tasha. Tare da su aka samu wani irin baƙo da tsohon tsari bai tanadar wa wuri ba: akawu da ma'aikacin jirgi da kafinta da direba, yawancinsu daga Kudu, waɗanda ba fatake ba ne balle a ci la'adarsu, ba su kuma zo da niyyar zama na har abada ba balle a yanka musu fili. Aka zaunar da su a Sabon Gari, 'yan Arewa masu zuwa cirani da ƙwadago kuma suka yi yawa a Tudun Wada. A waɗannan unguwanni ne aka fara gina gida da nufin haya tun daga harsashi: ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, babu shigifa. Da yake albashi wata-wata ake biya, kuɗin ɗaki ma wata-wata aka tsayar da shi. Dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, da ta 1962 da ta gaje ta, sun hana a mallaki ƙasa kacokan, sai dai ba su hana a mori ginin da ke kanta ba, don haka attajirin gyaɗa ya ga cewa ɗakin haya taska ce da ba ta jin tsoron fari.

Masakar Zamfara da aka buɗe a Gusau a shekarun 1960 ta ƙara yawan masu albashi, bulo da kwano suka fara maye gurbin tubali da azara, amma ɗan asalin gari ya ci gaba da kallon zaman haya a matsayin alamar rashin tushe. Iyayen yarinya sukan tambayi inda za a ajiye ta tun kafin a yanka sadaki, domin muhalli yana cikin haƙƙoƙin da shari'a ta ɗora wa miji, kuma amsar da ta fi daɗin ji ita ce gidan gado. A Tsafe da Bunguɗu, inda noma ya ci gaba da zama ginshiƙin rayuwa, haya ba ta wuce malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da aka turo daga wani wuri ba, kuma da yawansu aron ɗaki ake ba su a gidan wani babba, su saka da ihsani.

Kwatanta wannan da Jamus yana fito da abin da ya bambanta tarihin haya a wuraren biyu. A can fiye da rabin jama'a a gidan haya suke zaune, a birnin Balin ma mafi yawan gidajen na haya ne, kuma likita ko farfesa yakan tsufa a bene ɗaya da ya kama tun yana saurayi ba tare da an ga gazawarsa ba. Asalin abin shi ne bunƙasar masana'antu a ƙarni na 19, lokacin da aka gina manyan benaye na ma'aikata da aka yi wa laƙabi da barikin haya, sannan rushewar birane a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta sa gwamnati ta tallafa wa gina gidajen haya masu yawa. Dokar farar hula da ta fara aiki a 1900, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, sun sa yarjejeniyar haya galibi ba ta da ranar ƙarewa, mai gida ba ya tayar da ɗan haya sai da dalilin da doka ta yarda da shi, kuɗin ajiya kuma ba ya wuce na wata uku. Akwai ƙa'idar gida a rubuce, wadda take hana hayaniya da dare da ranar Lahadi, a yankin Shutgat ma ana juya sharar matakala mako-mako tsakanin mazauna. Abin da zai ba Bazamfare dariya shi ne ɗan haya a Jamus sau da yawa yakan tarar da ɗakin girki wayam, ya sayo kayansa ya kafa, ya kuma kwance su ranar tashi, kamar dai yadda dangin amarya suke zuwa jere da kayan ɗaki. Bajamushe dai ya mayar da haya zama, doka kuma ta kare shi a kan haka, alhali a Gusau haya ta tsaya a matsayin zango, kowane ɗan haya idonsa yana kan fulotin da zai saya.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Zamfara daga Sakkwato ta sanya Gusau hedikwata, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu zuwa garin da bai shirya karɓarsu ba. Gonakin bakin gari suka koma fulotai, unguwanni irin su Samaru da Gada Biyu da Damba suka faɗaɗa, masu kuɗi suka koma gina ciki da falo, wato ɗakin kwana haɗe da na zama, da kuma filat mai ɗakin girki da makewayinsa a ciki, wanda ya dace da mai son kulle amma ba shi da gidan kansa. A wannan tsakani, da faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar shekarun 1980, biyan shekara gaba ɗaya ya zama ruwan dare a gidaje masu daraja. Dalilin a fili yake: inda babu bankin da zai ba talaka bashin gini, kuɗin shekarar ɗan haya shi ne jarin da mai gida yake ɗora wani ɗaki da shi, ɗan haya kuwa ya zama mai ba da bashi ba tare da an kira shi da sunan ba.

Tsakanin mai gida da ɗan haya akwai dillali, magajin fatoma ta wata fuska, wanda yake nuna gida ya karɓi la'ada, ya kuma binciki mai nema: sana'arsa, garinsu, ko yana da iyali. Tuzuru yakan sha wuya kafin a sa shi gidan matan aure, macen da ba ta da miji kuma ta fi shi shan wuya, musamman tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka rufe mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Dokokin jihohi da dama sun tanadi notis, wato sanarwar tashi, na wata ɗaya ga mai biyan wata da na wata shida ga mai biyan shekara, amma rigimar haya ba kasafai take fara zuwa gaban alƙali ba. Takan tsaya wajen dillali ko liman ko mai unguwa, a roƙi mai gida ya ƙara haƙuri zuwa kaka ko zuwa a biya albashi. A cikin gidan kuwa ƙa'idar da Jamusawa suka rubuta, matan haya ne suke tsara tasu da baki: wa ke da sharar yau, nawa kowane ɗaki zai bayar na wuta da na kwasar masai, igiyar shanyar wa ce wannan. Mafi yawan faɗan gidan haya daga yara yake tashi, sai kuma ruwa, wanda ake saye wajen 'yan garuwa.

Makarantu sun kawo nasu 'yan hayar, daga kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wadda ɗalibanta suka cika ɗakunan haya a ƙauyen Sabon Gida na ƙaramar hukumar Bunguɗu. Daga irin waɗannan ɗakuna ne 'yan bindiga suka sace ɗalibai a watan Satumba 2023. Rashin tsaron da ya addabi karkarar Zamfara fiye da shekara goma ya koro manoma daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maru zuwa cikin garuruwa, mutanen da suka bar gidajen gado da rumbuna suka zo neman ɗaki ɗaya. Masu ɗan hali sun kama haya, abin da ya ƙara tsadar ɗakuna a gefen gari. Sauran kuwa tsohuwar hanya ce ta karɓe su: wasu sun raɓu a zaurukan dangi, wasu kuma masu fulotai sun ba su aron kango, wato ginin da ba a ƙarasa ba, su rufe tagogi da buhu su zauna kyauta suna gadin wurin, har ranar da mai shi ya samu kuɗin kwano da ƙyaure.