Hutun haihuwa: takardun da mai aiki ke iya nema daga iyaye

Dokar Nijar ba ta tanadi hutun haihuwa da uwa da uba ke rabawa tsakaninsu ba. Irin wannan tsari akwai shi a Ingila tun shekarar 2015, inda iyaye ke iya raba sati 50, mai aiki kuma yana da damar neman kwafin takardar haihuwar jariri da suna da adireshin wurin aikin ɗayan. A Nijar hutun na uwa ne. Uba izini na musamman na ɗan gajeren lokaci yake samu.

Kundin dokokin ƙwadago na ranar 25 ga Satumban 2012 ya bai wa ma'aikaciya sati 14 a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa. Ana ƙara sati 3 idan ciki ko haihuwa ya jawo rashin lafiya. A tsawon wannan lokaci mai aiki ba ya da ikon sallamarta, asusun CNSS kuma yana biyan rabin albashinta idan an yi mata rajista. Ma'aikatan gwamnati suna da tasu doka daban. Amma duk waɗannan haƙƙoƙi da takarda ake tabbatar da su.

Takarda ta farko ita ce shaidar ciki daga likita ko unguwar zoma, mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, domin da ita ake lissafin ranar fara hutu. A Ɗan Issa, mace mai zuwa awo a cibiyar lafiya ta CSI tana iya neman ta a can.

Ta biyu shaidar haihuwa ce daga wurin da aka haihu, sannan takardar haihuwar jariri daga ma'aikatar magajin gari. Ita ce kuma uba zai nuna don tabbatar da dalilin rashin zuwansa aiki. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu. Wannan ya shafi musamman matan da suka haihu a gida, da waɗanda haihuwa ta riska a ƙetaren iyaka, a Jibiya ko Katsina, tunda haihuwar waje ofishin jakadancin Nijar ne ke rajistarta.

Ta uku shaidar likita ce idan ana neman ƙarin sati 3. Doka ta ce sai an tabbatar da rashin lafiyar, don haka faɗa da baki ba ta wadatarwa.

Shi ma mai aiki akwai takardun da ake buƙata daga hannunsa: shaidar cewa ma'aikaciya ta dakatar da aiki, da takardar albashinta, waɗanda ake haɗawa a kai ofishin CNSS na Maradi.

Ya kamata a miƙa kwafi, a adana na ainihi a gida, a kuma nemi sa hannu da kwanan wata a kan duk abin da aka miƙa. Idan mai aiki ya ƙi ba da hutu bayan ya karɓi takardun, ko ya sallami ma'aikaciya tana cikin hutu, ofishin sufeton ƙwadago na Maradi ne ke karɓar ƙorafi.