Bugattin da ta shekara 47 a kulle

Dillalan mota na Zangon Lome, masu sintiri a filayen tsofaffin motoci na bakin tashar jiragen ruwa, sun san cewa yawan hannun da mota ta bi yana karya mata daraja. A kasuwar tsofaffin motocin tsere kuwa, sunan waɗanda suka taɓa mallakar mota ma kuɗi ne.

Bugatti Type 57S Atalante guda 17 kacal aka ƙera a Faransa. Ɗaya daga ciki ta fito a 1937, mai ita na farko kuma Earl Howe ne, basaraken Ingila, gwanin tsere da ya ci gasar Le Mans a 1931. Ta yi ta sauya hannu har ta kai ga Lord Ridley, wanda ya sayar wa wani likita a Newcastle, Harold Carr, a 1955 kan fam 895.

Likitan nan sai a hankali. A 1960 ya kulle ta a gareji, masu neman saye suka yi ta rubuto masa wasiƙu, ya ƙi. Sai da ya rasu a 2007 danginsa suka buɗe garejin. A Fabrairun 2009 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da ita a birnin Paris kan Yuro miliyan 3.4.