Wa'adin Mako Biyu: Korar Baƙi ta 1983

Yaran unguwar nan ta Idi-Araba sun san jakar nan da ake ce wa "Gana mos go", amma kaɗan ne cikinsu suka san inda sunan ya samo asali. Ga yadda abin ya faru.

A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. In zai wuce haka, ko zai kama aiki, sai ya je hukumar shige da fice ya nemi ƙarin wa'adi da izinin zama. To, lokacin kuɗin mai na zuba, Legas na neman ma'aikata. Malaman makaranta da magina daga Gana, masu gadi da 'yan ga-ruwa daga Nijar, kowa ya samu abin yi. Kwana 90 suka zama shekara uku, ba wanda ya tambayi takarda, har iyayen gidan da suka ɗauke su aiki.

Da farashin mai ya faɗi sai ido ya koma kan baƙo. Dama tun rikicin Maitatsine a Kano, Disamba 1980, ana ta cewa baƙi ne ke kawo fitina, tunda shi Marwa daga Kamaru ya zo. Ran 17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Daga baya aka ɗaga wa masu ƙwarewa ƙafa, irin su malamai da ma'aikatan jinya, zuwa ƙarshen Fabrairu. Lebura da mai gadi ba su shiga wannan sassauci ba. Ni a ganina nan ne rashin adalcin ya fi fitowa, don wanda ya fi kowa rashin kuɗin mota shi aka ba gajeren lokaci.

Kusan mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Wasu sun yi kwanaki a tashar jirgin ruwa ta Apapa, wasu suka maƙale a hanyar Seme, saboda iyakar Gana a rufe take, sai da Rawlings ya buɗe ta. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa Arewa suka nufa a manyan motoci.

Kada a manta, an taɓa yi mana irinta. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Gana. Yarabawa 'yan kasuwa da Hausawa fataken goro suka baro rumfunansu, wasu ma a zangon Kumasi aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ba. Gwamnatin Buhari ta sake wata korar a 1985.

Dokar kwana 90 tana nan har gobe, kuma katin zama na ECOWAS yana da ranar ƙarewa, sai an sabunta shi. Ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. ECOWAS dai ta ce a ci gaba da karɓar fasfon 'yan Nijar, a bar su su zauna kamar da, amma ta ce na wucin gadi ne, har sai an sake sanarwa.