Shekara Bakwai Kafin A Raba 15

Kowane ɗan firamare ya san cewa 3 sau 5 shi ne 15. Amma a Disambar 2001, da masu bincike na kamfanin IBM da Jami'ar Stanford suka sa wata na'ura ta gano haka, sai da labarin ya shiga mujallar Nature. Kafin mu gane dalili, sai mun koma baya shekara ashirin.

A 1981, wajen wani taro a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Feynman ya nuna cewa kwamfutar da muka saba da ita tana gazawa wajen lissafa halayen ƙwayoyin zarra idan suka yi yawa. Shawararsa ita ce a ƙera wadda za ta yi aiki da dokokin ƙwayoyin kansu, wato kwamfutar kwantam. Tamu tana ajiye bayani da 0 ko 1. Ma'ajin waccan kuwa, kubit, yana iya zama cikin gaurayen biyun har sai an auna shi.

Maganar ta daɗe a kan takarda. Sai a 1994 Peter Shor, masanin lissafi a cibiyar Bell Labs, ya nuna cewa irin wannan na'ura za ta iya saurin gano lambobin da aka ninka aka samu wata ƙatuwar lamba. Wahalar wannan lissafi ita ce ginshiƙin RSA, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare sirrin bankuna a intanet. Wato ya yanka mabuɗi tun ba a ƙera hannun da zai murɗa shi ba.

Masu shakka irin su Rolf Landauer na IBM suna da hujja: ɗan zafi ko girgiza yana ɓata kubit, kuma ba a iya kwafarsa a ajiye. A 1995 Shor ya amsa da dabarar rarraba bayanin kubit ɗaya cikin guda tara, ta yadda za a gyara kuskure ba tare da an leƙa bayanin ba.

Gwajin 2001 shi ya fitar da lissafin Shor daga takarda, da kubit bakwai kacal. A 2019 Google ya ce na'urarsa mai kubit 53 ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200, wanda babbar kwamfuta za ta shekara 10,000 tana yi. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa.

Har yau ba a ƙera wadda za ta fasa RSA ba. Duk da haka, a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullai uku da aka tsara don su jure mata, domin ɓarawo yana iya kwashe saƙonni a kulle yau, ya jira ranar da zai buɗe su. Mu da muke tura kuɗi da sirrinmu ta waya, wannan sauyin makulli ya shafe mu.