Zanen Gini: Shaidar Tarihin Mulki a Ƙasar Damagaram

Mazauna Guci, a gundumar Dungas wadda aka cire daga ta Magariya a 2011, sun daɗe suna kallon birnin Damagaram a matsayin cibiyar mulki, kuma tarihin wannan mulki yana nan a jikin gine-ginensa. Fadar Sarki da ke unguwar Birni ta samo asali daga tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da masarautar ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun. Bayan Turawan Faransa sun kama garin a 1899, sun kafa bariki a kan duwatsu, suka kuma mayar da garin hedikwatar mulkin Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai.

Zanen gini shi ne takardar da ake auna gida a kanta, a nuna shimfiɗar ɗakunansa, da fuskarsa, da kaurin bangonsa. Maginan Hausa ba su dogara da takarda ba, domin a ka suke riƙe awo, suna jera tubali, suna ɗaure azara har ta tanƙwara ta zama bakan gizo mai ɗauke da rufin soro. Sai dai ginin ƙasa yana sauya kama da kowace damina da kowane sabon yaɓe, saboda haka idan ya zube ba a auna shi ba, iliminsa ya tafi ke nan.

Aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Polan, ya tabbatar da amfanin awo, domin shi da mataimakansa sun zana babban masallacin Zariya da Babban Gwani ya gina, kuma da irin waɗannan zane-zane aka sake tayar da kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-gine na Jos.

Takardun mulkin Faransa da yawa suna ajiye a Dakar da Aix-en-Provence, nesa da jama'ar da aka mulka daga ofisoshin Damagaram. Tun 2006 Nijar ta sanya unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Wajibi ne a auna fadar da tsofaffin ofisoshin gwamnati tare da maginan da ke gyaransu, a kuma ajiye kwafin zanen a jihar Damagaram, inda ɗaliban Magariya da Dungas za su iya karanta shi.