Haɗi da Rabi: Tarihin Wata Matsalar Rubutun Hausa Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Masu tsara umarnin kwamfuta suna da wani aiki da suke yi kullum, wato ɗaukar jerin haruffa biyu ko fiye su liƙa su wuri guda, kamar sunan mutum da na mahaifinsa, ko sunan unguwa da na gari. Aikin yana da sauƙi a ido, amma sau da yawa abin da ke fitowa yakan saɓa wa abin da aka nufa, har mai aikin ya shafe yini yana farautar inda kuskuren ya ɓuya. Manufar wannan lacca ita ce nuna cewa matsalar ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin Hausa. Tambayoyin da mai farautar kuskure ke yi wa na'urarsa su ne waɗanda magabata suka daɗe suna yi wa alƙalami: mene ne wannan abu, da wane harafi aka rubuta shi, kuma ina iyakarsa?

Domin a sami abin kamawa, a ƙaddara cewa wani matashi a Tudun Wada ta Gusau ya tsara wa wata makaranta 'yar manhajar rajista, ɗalibanta kuwa wasu daga Tsafe, wasu daga Bunguɗu. Kurakurai iri uku na jiran sa, kuma kowane yana da tarihinsa.

Gadon Ajami da Boko

Malaman ƙasar Zamfara, kamar sauran malaman ƙasar Hausa, sun daɗe suna rubutu da ajami. A wannan rubutu siffar harafi takan sauya gwargwadon inda ya faɗo, farkon kalma ne, ko tsakiya, ko ƙarshe, kuma akan manna gajerun kalmomi da na kusa da su. Almajiri ba ya ruɗewa, domin ya san harshen kuma malami na zaune kusa.

Da boko ya zo sai maganar iyakar kalma ta zama abin shawara. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ta taimaka wajen yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, da na Kano a 1972, da na Yamai a 1980. Ɗaya daga cikin manyan batutuwan daidaita rubutun Hausa shi ne haɗi da rabi. Alal misali, "akan yi" al'ada ce, "a kan tebur" kuwa wuri ne. "Ma'aikata" jama'a ne, "ma aikata" kuwa alkawari ne. Ke nan, tun kafin kwamfuta ta shigo, masana sun tabbatar da cewa fili ɗaya tsakanin haruffa yana iya juya ma'ana.

Kuskure na farko: lamba ce ko rubutu?

A ce matashin nan ya so ya tara kuɗin rajista naira 500 da na littafi naira 200, sai rasiɗi ya nuna 500200 maimakon 700. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. A harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, alamar tarawa tana da aiki biyu: in ta sami lambobi sai ta tara, in kuwa ɗaya daga cikinsu rubutu ne sai ta liƙa. Abin da mutum ya buga a gurbin fom kuwa a matsayin rubutu yake isowa, ko da alƙaluma ne. Harshen Python ya ɗauki wata hanya dabam, domin shi yakan tsaya cik ya yi ƙorafi in an ce ya haɗa rubutu da lamba.

Duniya ta ga irin wannan kuskure a ranar 1 ga Janairu, 2000. Wasu manhajoji suna ƙirga shekara ne daga 1900, sa'an nan masu tsara su suka riƙa liƙa "19" a gaban abin da ya fito. Muddin ana cikin 98 da 99 babu wanda ya lura. Da ƙirgen ya kai 100 sai shafuka da dama na intanet suka wayi gari suna nuna shekarar 19100. Magani shi ne a tara 1900, ba a liƙa 19 ba.

Kuskure na biyu: harafin da na'ura ba ta sani ba

Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. Saboda haka masu buga Hausa suka daɗe suna dabara: wasu su yar da lanƙwasar, wasu su ƙera nasu tsarin haruffa inda za a ara gurbin wata alama a saka ƙ. Takardar da aka buga haka takan fita daidai a na'urar mai ita, amma da zarar ta je wata na'ura sai alamar asali ta dawo. Yar da lanƙwasa kuwa asara ce babba, don "baƙi" ba "baki" ba ne, "ƙafa" ba "kafa" ba ce, haka "faɗa" da "fada".

Tsarin Yunikod, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa ta dindindin. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi. A wannan hanya harafin k gurbin ajiya ɗaya yake ci, wanda ake kira bayit, amma ƙ biyu yake ci. Nan ne wata sabuwar matsala ta ɓullo. In matashin Tudun Wada ya haɗa sunan da aka ajiye da sabon tsari da wani rubutu da ake karantawa da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai kowane bayit ya fito da nasa harafi: "ƙasa" ta koma "Æ™asa", Bunguɗu kuma ta koma "BunguÉ—u". Haka nan in manhajar tana yanke suna bisa ƙirgen bayit, tana iya raba ɗ gida biyu, ta bar guntun da ba ya karantuwa. Wanda ya san wannan tarihi, da ya ga "Æ™" ya gane ciwon, ba sai ya zargi ma'aikacin da ya buga sunan ba.

Kuskure na uku: ina iyaka?

A harsunan kwamfuta da yawa, ciki har da SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ɗan waƙafin sama shi ne alamar buɗe jerin haruffa da rufe shi. A Hausa kuwa wannan alama harafi ce mai zaman kanta. Tana cikin Sa'adatu da Isma'ila da Rabi'u, kuma da ita ake rubuta 'ya'ya a Nijeriya, inda a Nijar ake amfani da ƴ. Idan an liƙa sunan Sa'adatu kai tsaye cikin umarni, na'urar za ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ta yi ƙoƙarin karanta "adatu" a matsayin umarni, ta kasa. Ta wannan ƙofa ce ɓarayin bayanai ke cusa nasu umarnin, kuma an bayyana haɗarin a fili tun 1998. Maganin da aka yarda da shi shi ne a miƙa wa rumbun umarni dabam, suna dabam, kada a liƙa su. Share alamar daga sunan yarinya ba magani ba ne, sauya mata suna ne.

Daɗin daɗawa, nahawun Hausa kansa ba ya yarda da liƙi na makanta. Ana cewa "gidansa" amma "rigarsa", saboda mahaɗin yana bin jinsin suna. Ana cewa "ɗalibai 40", adadi a baya, saɓanin Ingilishi da ke gabatar da shi. Manhajar da aka gina jimlolinta guntu-guntu bisa tsarin Ingilishi, sa'an nan aka fassara guntayen ɗaya-ɗaya, dole ta haifi Hausar da ba ta shiga kunne. Ko sunan unguwar ma, wani ya rubuta Tudun Wada, wani Tudunwada, wani T/Wada, na'ura kuwa wurare uku take gani. Ga shi kuma akwai Tudun Wada a Kano da Kaduna da Zariya.

Abin da ke cikin haɗari

Wannan ba wasan masana ba ne kawai. Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC a 2007, aka kuma ƙaddamar da lambar banki ta BVN a 2014, sunan mutum ya zama abin da na'urori ke gwadawa da juna harafi da harafi. Wanda sunansa ya fito iri biyu a takardu biyu shi zai yi ta zirga-zirga da takardar rantsuwa, alhali kuskuren ba nasa ba ne.

Kammalawa

Tarihin nan ya bar wa mai farautar kuskure tsari mai sauƙi. Kafin ya taɓa komai, ya fitar da kowane guntu shi kaɗai, ya kewaye shi da alama domin ya ga filin da ya ɓuya a gefensa. Ya tambayi na'ura ko lamba ce ko rubutu. Ya duba tsarin da aka ajiye haruffan da shi. Sa'an nan ya gwada aikinsa da sunaye irin su Ɗanladi da Sa'adatu da Ƙauran Namoda, ba da sunayen da ke cikin littattafan ƙetare ba.

Akwai kuma nauyi a kan sassan Hausa na manyan makarantu, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Ya kamata ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya san ƙa'idojin haɗi da rabi, ɗalibin Hausa kuma ya san yadda na'ura ke ajiye ƙ. Waɗanda suka zauna a Zariya da Bamako da Kano da Yamai sun daidaita rubutu domin mai karatu ɗan Adam, wanda ke iya cike giɓi da hankalinsa. Na'ura ba ta cike giɓi, don haka aikin da suka fara yana buƙatar masu ci gaba da shi.