Masu Sa Murya a Talla, Jiya da Yau

Sana'armu ta girmi rediyo. Tun ba a kafa tasha ko ɗaya a ƙasar Hausa ba, akwai mai shela da ke zagaya unguwanni da saƙon sarki, akwai sanƙira a wurin biki, akwai mai tallan magani da ke tara jama'a a bakin kasuwa da fatar baki kawai. Duk an san su, an san gidajensu, an san iyayensu. In mai shela ya faɗi abin da ba a aiko shi da shi ba, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Da wannan gadon muka shiga sutudiyo.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai murya ɗaya ta riƙa kaiwa inda masu shela ɗari ba za su kai ba, har Nijar da Kamaru da Chadi da Gana a gajeren zango. Magabatanmu a wannan aiki a can suka goge. Su suka ga lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, da shigowar naira da kwabo a farkon 1973. Takardar gwamnati ba ta isa ta fahimtar da mutumin karkara waɗannan sauye-sauye ba, sai da aka haɗa da masu sanarwa da mawaƙa, ana nanatawa safe da yamma cikin muryoyin da jama'a suka saba ji suna karanto musu gaisuwa a Zaɓi Sonka.

A kan tef muka koyi aiki. Ka yi tuntuɓen harshe sau ɗaya, ko dai a koma farko, ko furodusa ya sa reza ya yanke wurin ya liƙe. Tallan daƙiƙa sittin yakan cinye wuni, amma ba ɗaukar ce ke cin lokacin ba, gardama ce a kan rubutun. Daga kamfanonin talla na Legas yake zuwa da Turanci, wani ya bi shi kalma bayan kalma ya juya, sai a miƙo maka abin da babu Bahaushen da zai furta. A nan aikin yake. Za ka tarar an sa mace ta kira mijinta da sunansa gatsal, ko yaro yana koya wa mahaifinsa yadda ake wanke hannu. Mu muke cewa a'a, a nan "maigida" za ta ce, kuma wannan magana a bakin kaka ta dace, ita ce ke da wasa da jika. Mun san jingil mai kiɗa ba ya shiga dab da buɗa baki a watan azumi, mun san in an yi babban rashi a gari ana janye shi ranar, ko da mai kaya ya biya. Babu littafin da ya rubuta waɗannan dokoki. Zama da mutane ne ya koya mana su.

Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi ta sauya komai, musamman bayan Freedom Radio ta fara watsa shiri a Kano a 2003. Talla ta daina zama ta manyan kamfanoni kaɗai. Mai atamfa a Kantin Kwari da mai makarantar kuɗi da mai shagon waya duk suka shigo. Kwamfuta ta kori tef, 'yan fim suka shigo da tallan wasan kwaikwayo, daga baya masu fassara finafinan Indiya irin su Algaita suka nuna cewa murya kaɗai tana iya yi wa mutum suna ba tare da an taɓa ganin fuskarsa ba. Amma a wannan zamanin ne kuma aka yi wa sana'ar illa mafi girma. Wasu suka ara wa masu magani muryarsu ana cewa kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma. Masu sauraro ba su manta ba. Har yau akwai muryoyin da in aka ji su sai a kashe rediyo, akwai kuma waɗanda in suka ce kaya na da kyau, tsohuwa za ta aiki jikanta ya sayo.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo. Ka rubuta, cikin mintuna ta karanta maka, kusan kyauta. Ba na raina ta. Tana da amfani wajen karanta wa makaho rubutu ko amsa waya da tsakar dare. A Hausa dai har yanzu tana tuntuɓe, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai ka ji mai tallan garin masara kamar yana tallan wani gari da ake zuwa a mota. Wannan za a gyara shi, ba da jimawa ba ma. Abin da ban ga yadda za a gyara ba shi ne lamuni. Mai sa murya yana jingina mutuncinsa ne a kan kayan da yake tallatawa; gobe za a haɗu da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure a ce masa, "Malam, sabulun nan naka bai yi ba." Na'ura ba ta da mutuncin da za ta yi asara, kuma mai sauraro ya san haka ko da bai iya faɗa ba.

Ba mu kaɗai wannan lamari ya shafa ba. A 2023 'yan wasan Hollywood sun yi watanni suna yajin aiki, kuma kwafar murya da kamanni na cikin abin da suka tsaya a kai. A 2024 kamfanin OpenAI ya janye wata murya bayan 'yar fim Scarlett Johansson ta koka cewa ta yi kama da tata. A ƙarshen shekarar, tallan Kirsimeti na Coca-Cola da aka haɗa da na'ura ya sha suka, mutane na cewa ba shi da rai. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina kan wannan batu na lamuni kuwa 'yan damfara ne suka kawo ta: in za su tallata maganin bogi a Facebook, ba sabuwar murya suke ƙerawa ba, ta sanannen ɗan jarida ko likita suke sacewa.

Hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallace-tallacen Najeriya daga 1 ga Oktoba, 2022, don kare abincin 'yan gida. Ina roƙonta ta tilasta a riƙa sanar da mai sauraro duk tallan da na'ura ta karanta. Ku kuma ƙannena da ke shigowa sana'ar, duk wanda ya kira ku ɗaukar murya na sa'o'i a kan kuɗi kaɗan, ku tambaye shi me zai yi da ita, a ina, har zuwa yaushe, kuma kada ku buɗe baki a gaban makirfo sai an rubuta amsar a takarda an sa hannu.